Tambayoyi da amsoshi kan kakar 1899 ta ƙungiyar Jami'ar Sewanee

Tambayoyin nan sun zo mini har na daina ƙirgawa, don haka na tattara amsoshinsu wuri guda, kuma ina roƙon a karanta kafin a sake tambaya.

Wannan ƙwallon ƙafar da muka sani ce?

A'a. Ƙwallon Amurka ce, wadda ake runguma a hannu a ruga da ita.

Da gaske ne sun ci wasa biyar cikin kwana shida?

Da gaske ne, kuma masu cewa almara ce ba su duba tarihi ba. Ranar 9 ga Nuwamba 1899 suka doke Jami'ar Teksas a Austin da 12-0, washegari Texas A&M a Houston da 10-0, sannan Tulane a New Orleans da 23-0. Suka huta ranar Lahadi, Litinin suka lallasa Jami'ar Jihar Louisiana (LSU) a Baton Rouge da 34-0, Talata suka rufe da Jami'ar Mississippi (Ole Miss) a Memphis da 12-0. Tafiyar kusan mil 2,500 ce a jirgin ƙasa, kuma babu wanda ya ci ko maki ɗaya a kansu.

Ina Sewanee take?

Ƙaramar jami'a ce ta cocin Episcopal a kan tudu a jihar Tenesi, ɗalibanta a lokacin ɗari uku da 'yan kai.

In na ga 12-0 ko 5-0, yaya zan auna shi da sakamakon yau?

A nan ne mutane suka fi yin kuskure, kuma amsar tana buƙatar natsuwa. A 1899, kai ƙwallo bayan layin abokan karawa maki 5 ne, ba 6 ba, sai a 1912 aka mai da shi 6. Bugun da ke biyo baya maki 1 ne, bugun ƙwallo ta tsakanin sanduna daga fili kuma maki 5 ne, alhali yau 3 ne. Saboda haka 12-0 galibi yana nufin an tsallaka layi sau biyu an kuma ci bugun biyun, amma 5-0, kamar yadda suka doke North Carolina a wasan ƙarshe, lambar kaɗai ba za ta gaya maka ta wace hanya aka samu ba. Haka kuma jefa ƙwallo gaba haramun ne sai a 1906, wato kowane taku da ƙirji da kafaɗa ake ƙwatarsa. Ɗan wasan da aka fitar ba ya komawa fili, shi ya sa mutum kan ci gaba da wasa da rauni a jikinsa, ya yi hari ya kuma yi tsaro. Tsawon wasa ma sau da yawa ƙungiyoyin ne ke daidaitawa a tsakaninsu. Shawarata ita ce a auna su da takwarorinsu na wannan zamani, duk da cewa ko wannan sai an yi hattara, domin manyan ƙungiyoyin arewa maso gabas irin su Harvard da Princeton ba su kara da su ba.

Me ya kai su wannan wahala?

Kuɗi. Sun saɓa da Jami'ar Vanderbilt kan rabon kuɗin ƙofa, wasan bai yiwu ba, sai manajansu Luke Lea, ɗalibi wanda daga baya ya zama sanata, ya shirya tafiyar don cike giɓin.

Babu wanda ya taɓa ci musu maki a kakar?

Ƙungiyar Auburn kaɗai, ƙarƙashin kocinta John Heisman, a wasan da Sewanee ta sha da ƙyar da 11-10. 'Yan Sewanee sun ci wasanninsu 12 duka, da maki 322 a kan 10.

Me ya sa ba a jin sunansu yau?

Kada wannan ya sa ka raina su. Suna cikin waɗanda suka kafa gasar SEC ta jami'o'in kudu maso gabashin Amurka, suka fice a 1940, yanzu kuma suna wasa a rukuni na uku na wasannin jami'o'in Amurka, inda ba a ba ɗalibi tallafin karatu don wasa.