Faɗaɗa gasar besbol ta Amurka: sababbin ƙungiyoyi, sauyin rukuni da gyaran dokoki

Babbar gasar besbol ta Arewacin Amurka, wadda aka fi sani da MLB, tana da ƙungiyoyi 30: guda 29 a Amurka, ɗaya a birnin Toronto na Kanada. Lig biyu ne suka haɗu suka yi ta, wato National League da aka kafa a 1876, da American League da ta shiga sahun manya a 1901. Kowace lig na da ƙungiyoyi 15 da aka kasa rukuni uku, gabas, tsakiya da yamma, kuma zakarun biyu su ne ke karawa a wasannin ƙarshe da ake kira World Series. Magoya bayan besbol na tinƙaho da cewa wasansu na gargajiya ne, yadda kaka ya gan shi haka jika zai gan shi. Tarihi bai goyi bayansu sosai ba. Tun daga 1953 ake ta ɗaga ƙungiyoyi daga wannan gari zuwa wancan, ana ƙara sababbi, ana taɓa dokoki, kuma da wuya a sami sauyin da ba ɗaya daga dalilai biyu ne ya kawo shi ba: ko 'yan kallo sun ragu, ko wani ya matsa wa masu ƙungiyoyin lamba.

Wanda ya saba da gasar Firimiya ta Ingila zai ga bambanci tun daga tushe. A MLB ƙungiya ba ta faɗuwa zuwa ƙaramar gasa komai lalacewarta, ba ta kuma hawowa daga ƙasa komai ƙwazonta. Gari yana samun ƙungiya ne ta hanya biyu kacal: ko masu ƙungiyoyin su amince a kafa sabuwa bayan an biya su kuɗin shiga, ko a ɗauke wata tsohuwa a kawo masa. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1922, wanda ya keɓe besbol daga dokar hana babakere a kasuwanci, shi ne ya ƙara ƙarfafa musu wannan iko.

Yadda wasan yake

Kowace ƙungiya na da 'yan wasa tara a fili. Mai jifa yana tsayawa kan ɗan tudu ya wurga ƙwallo, mai bugu na ɗaya ɓangaren ya tara da gora. In ya buga sai ya ruga ya bi zango uku ya dawo inda ya tashi, kuma duk wanda ya kewayo ya samar wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Da zarar an fitar da masu bugu uku sai a yi musanya. Zagaye tara ake yi.

Shekara hamsin ba motsi, sai ƙaura

Daga 1903 zuwa 1952 ƙungiyoyi 16 ne a garuruwa 10, babu wadda ta ɗaga. New York na da uku. Boston, Chicago, Philadelphia da St. Louis na da bibbiyu. Sauran biyar suna Pittsburgh, Cincinnati, Cleveland, Detroit da Washington. Jirgin ƙasa ne ya zana wannan taswira, domin da shi ake tafiye-tafiye, shi ya sa St. Louis ta zama iyaka ta yamma.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jama'a suka yi ta kwarara yamma da kudu, jirgin sama kuma ya rage nisa. Braves ce ta fara ɓalle ƙulli: a 1952 'yan kallonta a Boston ba su kai 300,000 ba, da ta koma Milwaukee a 1953 sai suka haura miliyan 1.8. Ganin haka Browns ta bar St. Louis zuwa Baltimore a 1954 ta zama Orioles, Athletics ta bar Philadelphia zuwa Kansas City a 1955.

Ƙaurar da ta fi ƙona rai ita ce ta 1958, lokacin da Walter O'Malley ya kai Dodgers daga Brooklyn, wani yanki na birnin New York, zuwa Los Angeles, Horace Stoneham kuma ya kai Giants San Francisco. Dodgers ba ta cikin talauci, ga ta da magoya baya. Rigimar filin gina sabon dandalin wasa ce ta raba O'Malley da hukumomin New York. Haka birni mafi girma a Amurka ya wayi gari ba shi da ƙungiya ko ɗaya a National League.

Ƙarin ƙungiyoyi, galibi bisa tilas

Wani lauyan New York mai suna William Shea ya nemi a ba birnin sabuwar ƙungiya, aka yi biris da shi. Sai ya sanar da kafa lig ta uku a 1959, Continental League, tare da tsohon gwanin harkar, Branch Rickey, a matsayin shugaba. Ba a taɓa buga wasa ko ɗaya da sunanta ba, amma barazanar ta yi aiki: a 1960 tsofaffin lig ɗin suka yarda su faɗaɗa, ita kuma ta watse. A 1961 American League ta ƙara Angels a Los Angeles, ta kuma kafa sabuwar Senators a Washington don maye gurbin tsohuwar da ta tafi Minnesota ta zama Twins. Barin babban birnin ƙasa, mazaunin 'yan majalisa, ba ƙungiya haɗari ne da babu mai son ɗauka. A 1962 National League ta ƙara Mets a New York da Colt .45s a Houston, wadda ta koma Astros a 1965.

Faɗaɗawar ta tsawaita kakar wasa daga wasanni 154 zuwa 162, nan take kuma ta haifar da gardama. A 1961 Roger Maris na Yankees ya yi bugun da ke tsallake katanga sau 61, ya wuce 60 ɗin da Babe Ruth ya kafa a 1927. Kwamishinan gasar, Ford Frick, wanda tsohon abokin Ruth ne, ya ce a ware bajintar daban tunda kakar ta fi tsawo. An yi shekaru ana jan wannan magana.

A 1969 aka ƙara huɗu lokaci guda: Royals a Kansas City, Pilots a Seattle, Padres a San Diego, da Expos a Montreal, ƙungiya ta farko a wajen Amurka. Gaggawar ma da dalilinta. Athletics ta bar Kansas City zuwa Oakland a 1968, sai Sanata Stuart Symington na jihar Missouri ya yi barazanar taɓa keɓewar nan ta 1922. Pilots kuwa kaka ɗaya tak ta yi, ta karye, aka kai ta Milwaukee a 1970 ta zama Brewers. Hukumomin Seattle suka shigar da ƙara, kuma sulhun da aka yi ne ya haifi Mariners a 1977, tare da Blue Jays ta Toronto.

Daga nan sai kuɗi ya zama jan hankali da kansa. Rockies ta Colorado da Marlins ta Florida kowacce ta biya dala miliyan 95 don shiga a 1993. Diamondbacks ta Arizona da Devil Rays ta Tampa Bay kowacce dala miliyan 130 a 1998. Da su aka cika 30, kuma ba a sake ƙarawa ba. A ƙarshen 2001 ma masu ƙungiyoyin sun kaɗa ƙuri'ar rufe biyu, ana hasashen Twins da Expos, amma wata kotu a Minnesota ta taka birki. Expos ta koma Washington, wadda sabuwar Senators ma ta riga ta bari, a 2005 ta zama Nationals.

Rabon rukuni

Kafin 1969 babu rukuni; wanda ya zo na ɗaya a lig kai tsaye yake wucewa World Series. Da ƙungiyoyi suka kai 12 a kowace lig sai aka raba su gabas da yamma, zakarun biyu su kara tukuna. Sai dai rabon National League bai bi taswira ba. Atlanta, inda Braves ta koma daga Milwaukee, da Cincinnati suka faɗa rukunin yamma, alhali Chicago da St. Louis, waɗanda suka fi su kusa da yamma, suka zauna a gabas. Haka aka yi shekara 25. A 1992 Kwamishina Fay Vincent ya ba da umarnin a gyara, Cubs ta Chicago ta kai shi kotu, kuma kafin shekarar ta ƙare masu ƙungiyoyin sun sa ya ajiye aiki.

A 1993 Giants ta ci wasa 103 amma ta zauna gida, domin Braves da ke rukuninta ta ci 104. Wannan ce kaka ta ƙarshe ta tsohon tsari. Daga 1994 aka koma rukuni uku-uku, aka kuma ƙirƙiri gurbin alfarma ga ƙungiyar da ta fi kowa nasara cikin waɗanda ba su ci rukuninsu ba. Yajin aikin 'yan wasa ya cinye ƙarshen kakar har da World Series, don haka sai a 1995 aka fara aiki da shi. A 1997 Marlins ta shiga ta wannan gurbi ta ɗauki kofi a kakarta ta biyar. An ƙara gurbi na biyu a 2012, sannan a 2022 masu shiga wasannin neman kofi suka kai 12.

Ƙungiyoyin lig biyun ba su fara haɗuwa a tsakiyar kaka ba sai 1997. Da sababbin 1998 suka zo, 15 da 15 zai tilasta irin wannan haɗuwa kullum, abin da ba a shirya masa ba a lokacin. Sai aka tsallakar da Brewers zuwa National League, ya zama 16 da 14. Wannan ya bar rukuni ɗaya da ƙungiyoyi shida, wani da huɗu, rashin adalcin da ya ɗauki shekara 15. An daidaita shi a 2013 da mayar da Astros American League, sharaɗin da aka gindaya wa Jim Crane lokacin da ya saye ta a 2011.

Gyaran dokoki

Yawancin gyare-gyaren neman daidaito ne tsakanin mai jifa da mai bugu, domin 'yan kallo maki suke so. A 1893 aka kai tazarar jifa ƙafa 60 da inci 6, kuma har yau tana nan. A 1968 masu jifa suka yi kaka-gida: maki 1.12 kacal ake cin Bob Gibson a kowane zagaye tara, Denny McLain ya ci wasa 31 shi kaɗai. Kaka mai zuwa aka rage tudun jifa daga inci 15 zuwa 10.

Babu dokar da ta raba kan jama'a kamar ta wakilin bugu. Masu jifa galibi ba su iya bugu ba, sai American League ta yarda a 1973 wani ya riƙa bugawa a madadinsu ba tare da ya tsare fili ba. Ron Blomberg na Yankees ne ya fara. National League ta ƙi, tana cewa ɗan wasa na gaskiya ya yi duka biyun, kuma hakan na kashe dabarun koci. Kusan shekara 50 gasa ɗaya na tafiya da doka biyu, har a World Series ana komawa ga dokar mai masauki a yawancin shekarun. An gwada ta ko'ina a kakar annobar korona ta 2020, aka tabbatar a 2022. A 2020 ɗin ne kuma aka fara ajiye ɗan gudu a zango na biyu idan an shiga ƙarin zagaye, don kada wasa ya kai tsakar dare.

Tsawon wasa shi ne ciwon da ya fi damun shugabanni. Besbol ya daɗe yana alfahari da rashin agogo, amma a 2021 matsakaicin wasa mai zagaye tara ya kai awa 3 da minti 10, mafi yawansa jira ne: mai jifa na zagaya tudu, mai bugu na gyara safar hannu. A 2023, ƙarƙashin Kwamishina Rob Manfred, aka kawo agogon jifa: sakan 15 in babu kowa a zango, sakan 20 in akwai, wanda aka rage zuwa 18 a 2024. Aka hana jibge masu tsaro a gefe ɗaya, dole biyu su tsaya kowane ɓangare na zango na biyu. Aka faɗaɗa zangunan daga inci 15 zuwa 18, aka kuma taƙaita yawan jifan da mai jifa zai yi don kama ɗan gudu. Wakilan 'yan wasa a kwamitin sun ƙi agogon da dokar tsaron, aka rinjaye su. Sakamakon bai bar wurin musu ba: wasa ya sauko daga awa 3 da minti 4 a 2022 zuwa kusan awa 2 da minti 40, satar zango, wato ɗan gudu ya ruga zango na gaba ba tare da jiran a buga ƙwallo ba, ta tashi daga ƙasa da 2,500 zuwa sama da 3,500. A kakar ce Ronald Acuña Jr. na Braves ya saci zango 73, ya kuma tsallakar da ƙwallo katanga sau 41.

Na'ura ma ta shigo a hankali. An fara duba bidiyo a 2008 kan bugun katanga kaɗai, aka faɗaɗa a 2014. A Satumba 2025 aka amince cewa daga kakar 2026 mai jifa, mai bugu ko mai cafe ƙwallo zai iya ƙalubalantar hukuncin alƙalin wasa kan kyawun jifa, kyamara ta raba gardama. Kowace ƙungiya na da dama biyu, kuma ba ta rasa ta in ta yi gaskiya.

Halin da ake ciki

Athletics ta bar Oakland bayan kakar 2024, tana zaman wucin gadi a wani ƙaramin fili a West Sacramento kafin ta tare a Las Vegas, wanda zai zama garinta na huɗu na dindindin bayan Philadelphia, Kansas City da Oakland. Manfred, wanda wa'adinsa zai ƙare a Janairu 2029, ya sha cewa yana son a kai ƙungiyoyi 32, kuma ana yawan ambaton Nashville, Salt Lake City, Portland da Montreal. Idan aka kai 32, rukuni shida na biyar-biyar ba zai yiwu ba. Sai dai takwas na huɗu-huɗu ko huɗu na takwas-takwas.