Ma'anar "Miyuteshin": Ba Ita Ce GMO Ba

Tun da gwamnatin tarayya ta amince da masarar TELA a farkon shekarar 2024, wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta samar, kalmar "miyuteshin" ta zama ruwan dare a gidajen rediyon Kaduna. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda masu sharhi ke cakuɗa ta da GMO, wato halittar da aka dasa wa ƙwayar gado daga waje, wani lokaci har da guba, kamar duk kanwar ja ce.

Miyuteshin sauyi ne da ke aukuwa a cikin rubutun ƙwayar gadon da halitta ta zo da ita, ba tare da an kawo mata komai daga waje ba. GMO irin na masarar nan kuwa dashe ne, domin daga wata bakteriyar ƙasa aka ɗauko ƙwayar gadon da ke kashe tsutsa.

Ɓerayen ɗakin gwaji sun fi kowa bayyana bambancin. A shekarar 1979 William Russell, na cibiyar Oak Ridge a Amurka, ya nuna cewa sinadarin ENU ya zarce duk waɗanda aka gwada kafinsa wajen jawo wannan sauyi. Namijin ɓera ake yi wa allurarsa, sai haihuwarsa ta tsaya na wasu makonni, idan kuma ta dawo, maniyyinsa yana ɗauke da haruffan rubutun ƙwayar gado da suka canza nan da can, ba tare da mai binciken ya zaɓi inda sauyin zai faɗa ba. Jifa ce a cikin duhu, amma ta yi amfani. Ta wannan hanya masu bincike a Jami'ar Wisconsin suka sami, a farkon shekarun 1990, ɓerayen da harafi guda ya gurgunta musu inzayim (sinadarin aiki) ɗin hanta mai sarrafa finilalanin, wato wani ɓangare na furotin da ke cikin nama da wake da madara. Finilalanin ya taru a jininsu, gashinsu ya koɗe, ƙwaƙwalwarsu ta taɓu, kamar dai yadda cutar PKU, ciwon gado na kasa sarrafa finilalanin, ke yi wa jarirai, kuma da irin waɗannan ɓeraye ake gwada magungunanta har yau.

Babu wata baƙuwar ƙwayar gado a jikin waɗannan ɓeraye. Sikila ma, wadda saboda ita ake gwajin jini kafin ɗaurin aure, harafi ɗaya ne ya canza a ƙwayar gadon jan jini, kuma tana cikin zuriyarmu tun kafin a gina ɗakin gwaji na farko.