Juyen baƙin mai a motar haibirid a gida

Juye shi ne zubar da tsohon baƙin man da ke cikin injin mota, a sauya filta, a zuba sabo. Motar haibirid kuwa ita ce mai tafiya da ƙarfi biyu: injin fetur, da injin lantarki da ke jan wuta daga wani babban batir. Na lantarkin ba ruwansa da baƙin mai, amma na fetur ɗin yana buƙatarsa kamar injin kowace mota. Aiki ne da mai mota zai iya yi a ƙofar gidansa cikin ƙasa da awa ɗaya, kuma kusan duk matakansa irin na motar fetur zalla ne. Bambancin yana wurare uku: yadda ake tabbatar da motar a kashe take, irin man da ake zubawa, da lokacin da ake juyen.

Kamfanin Toyota ne ya fara sayar da irin wannan mota da yawa, lokacin da ya fitar da Prius a Japan a watan Disamban 1997. Honda ta biyo da Insight a 1999, sannan Camry haibirid ta fito a 2006. Yawancin waɗanda ake gani a Birnin Kebbi da Gusau na hannu ne, waɗanda aka yi amfani da su a Amurka ko Turai kafin su iso, kuma tsadar fetur bayan janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ta ƙara jawo hankalin masu saye gare su. Sai dai ba kowane gareji ne ya saba da su ba, musamman idan aka fita daga manyan garuruwa, abin da ke sa wasu masu motar koyon ƙananan ayyukanta da kansu.

Shirun mota ba mutuwarta ba ne

A motar fetur, kunne ke gaya wa mutum ko injin yana aiki. A haibirid kunne yaudara yake yi. Muddin kalmar READY tana haske a gaban direba, motar a kunne take ko da ba a jin motsin komai, kuma kwamfutarta na iya tayar da injin fetur a kowane lokaci, da zarar ta ga cajin babban batir ya yi ƙasa. Idan hakan ya faru bayan an kwance notin juye, injin zai juya babu mai a cikinsa, kuma ba ya ɗaukar dogon lokaci kafin ya buga. Wannan ne kuskure mafi tsada a aikin gaba ɗaya, kuma wanda ya ƙware a motar fetur ya fi saurin faɗawa cikinsa, don hannunsa ya riga tunaninsa.

Saboda haka ana sa giya a P, a ja burkin ajiya, a danna maɓallin kashewa har allon gaba ya mutu, sannan a kai makullin cikin gida nesa da motar. Makullin yawancin irin waɗannan motoci ba sai an soka shi ba, kusantarsa kaɗai ta isa yaro ya danna maɓalli ya kunna.

Akwai kuma wayoyi masu kauri da aka lulluɓe da roba ruwan lemo. Su ne ke ɗaukar wutar babban batir, wadda a Prius ta 2004 zuwa 2015 ta haura bolt 200, kuma na'urar motar tana ɗaga ta zuwa 500 ko 650 kafin ta kai ga injin lantarki. Wuta ce mai kisa. Juye bai biyo ta kansu ba ko kaɗan, don haka ba a taɓa su, ba a kuma jingina sifana a kansu.

Wane mai

A nan ne gardama take. A garejojin Arewa an daɗe da yarda cewa zafin ƙasarmu sai mai mai kauri, wato 20W-50, kuma wanda ya ga ma'aunin zafi ya wuce 40 a Birnin Kebbi cikin watan Afrilu ba zai ga laifin mai wannan magana ba. Tsofaffin injuna irin na Peugeot 504 sun zauna lafiya da shi. Injin haibirid dabam aka ƙera shi. Hanyoyin da mai ke bi a cikinsa matsattsu ne, kuma yana mutuwa yana tashi sau da dama a tafiya guda, a kowane shataletale da kowane cunkoson bakin kasuwa. Duk tashin da zai yi, ana so man ya isa saman injin nan take. Mai kauri yana jan ƙafa, kuma yana ƙara shan fetur, wanda gudunsa ne ya sa aka sayi motar tun farko.

Lambobin da ke jikin galan suna nuna kaurin man. Ta farko, mai harafin W, kaurinsa ne lokacin sanyi. Ta biyu kuma kaurinsa idan ya kai zafin digiri 100. Prius ta 2004 zuwa 2009, mai injin lita 1.5, tana shan 5W-30 kimanin lita 3.7 idan an haɗa da sauya filta. Ta 2010 zuwa 2015, mai injin lita 1.8, an rubuta mata 0W-20, lita 4.2. Wasu sababbin ma 0W-16 suke sha, wanda a ido kamar ruwa yake. Littafin wasu ƙasashe ya yarda a zuba 5W-30 idan ba a samu 0W-20 ba, kuma wannan sassauci ne mai ma'ana ga wanda ke Zuru ko Talata Mafara, inda ba kullum ake samun siririn mai a shago ba. Tsallakawa zuwa 20W-50 kuwa wani abu ne dabam. Yawanci an rubuta lambar da ta dace a kan murfin da ake zuba man, kuma ita ce abin bi.

Jabun mai ya fi kuskuren lamba illa. Wanda ake aunawa a kwalba a bakin titi ba a san asalinsa ba. Galan mai hatimi daga dila sananne ya fi tsada, amma bai kai kuɗin injin ba.

Yadda ake yi

Kayan aikin ba su da yawa: sifana mai lamba 14 don notin juye na Toyota, abin kwance filta, sabuwar filta, sabon washa, mazurari, roba mai faɗi da za ta ɗauki lita biyar, tsumma, da safar hannu. Prius gajeruwa ce, ba a shiga ƙarƙashinta sai an ɗaga. Jak aikinsa ɗagawa ne kawai. Ana tokare motar da ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka, a kan daɓen siminti, a sa waigi a tayoyin baya. Bulo yana fashewa ba tare da gargaɗi ba, jak kuma yana nutsewa a yashi.

Mai ya fi zuba idan da ɗuminsa. Da yake injin haibirid ba ya zama a kunne don an so, hanya mafi sauƙi ita ce a zaga gari na minti goma, a dawo, a kashe, a jira ya ɗan huce. Sai a buɗe murfin sama, a cire marfin roba da ke ƙasan injin, a tara roba, a kwance noti. A nan ana lura: kusa da wurin akwai wani notin na man giya, wanda a Prius makulli mai kusurwa shida ke kwance shi. Wanda ya kwance shi bisa kuskure zai ga mai ja-ja yana zuba, ya bar giya a bushe, ya kuma ƙara sabon mai a kan tsohon da ke injin.

Idan ɗigar ta tsaya, a mayar da notin da sabon washa. Ƙa'idarsa a Prius ta 2010 niyuton-mita 37 ce, wato ɗauri mai kyau da hannu ɗaya, ba a taka sifana da ƙafa. Filta iri biyu ce. Ta tsohuwar Prius gwangwani ce da ake sauyawa ɗungurungum. Ta 2010 zuwa 2015 takarda ce a cikin kofin roba, ana kwance kofin da makulli mai faɗin milimita 64, a sa sabuwar takarda da sabon zoben roba da aka shafa wa mai. Kofin yana tsagewa idan aka buge shi da guduma da kurfi, kamar yadda wasu ke yi in makullin ya ɓace.

Bayan an zuba mai, a kunna motar tana P, a ɗan taka totur don injin fetur ya tashi, a duba ƙasa ko akwai yoyo. A kashe, a jira minti biyar, a zaro geji. Man ya tsaya tsakanin ɗigo biyun. Wuce na sama ba alheri ba ne.

Yaushe

Littafin Toyota na Amurka ya ba motocin da ke shan 0W-20 mil 10,000 ko shekara guda, amma ya rage zuwa mil 5,000 ko wata shida ga mai bin hanyar ƙura ko mai yawan gajerun tafiye-tafiye. Wanda ya ga yadda hunturu ke rufe Gusau daga Disamba zuwa Fabrairu, ko yake bin hanyar burji zuwa ƙauye, ya san a rukuni na biyu yake. Mil 5,000 kimanin kilomita 8,000 ne, kuma motocin da suka zo daga Amurka da mil suke ƙirga, abin da ke rikita lissafin wasu. Gajeruwar tafiya tana da tata illar: daga gida zuwa ofis injin haibirid bai cika yin zafin da zai ƙone raɓa da ɗigon fetur da ke taruwa cikin mai ba, don haka man na iya lalacewa alhali lambar tafiya ba ta yi nisa ba. Fitilar MAINT REQD, mai haskawa a allon gaba don tunatar da lokacin juye, ba ta auna lafiyar mai, nisan tafiya kawai take ƙirgawa, kuma da hannu ake mayar da ita sifiri bayan juye. An kuma san wasu Prius na 2010 zuwa 2014 da shan mai idan sun tsufa, don haka duba geji duk mako biyu ba ɓata lokaci ba ne.

Tsohon man da aka juye yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da guba. Wasu na shafa shi a katako don gara, wasu har a jikin dabba mai ƙaiƙayi, wanda cutarwa ce ga dabbar da mai shafawar. Zuba shi a kwata ya fi muni a gari irin Birnin Kebbi ko Argungu, inda ruwan damina ke gangarawa fadamun shinkafa da gulbin da ake kamun kifi. Ana mayar da shi cikin galan ɗin da aka zazzage, a rufe, a haɗa da tsohuwar filta a kai wa garejin da ke tara shi.