Ɗan majalisar jiha: daga ina yake fitowa, ina kuma yake dosa?

Wane ne doka ta yarda ya tsaya takarar wannan kujera?

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai tsananta ba. Ya zama ɗan ƙasa, ya yi karatu har matakin sakandare ko makamancinsa, sannan wata jam'iyya ta tsayar da shi, domin babu takarar mai zaman kansa. A da sai mai shekara 30, amma a 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyaran da ya mayar da shi 25. Ma'aikacin gwamnati kuwa sai ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe.

Su nawa ne a kowace jiha?

Ba sa gaza 24, ba sa wuce 40. Kano da Legas na da 40, Kaduna da Katsina 34, Zamfara da Yobe 24.

A aikace, wane irin mutum ne ke samun tikiti?

Nan ne takarda da gaskiya ke rabuwa. Yawancinsu sun fara ne daga ƙasa: kansila, shugaban ƙaramar hukuma, tsohon malamin makaranta, ɗan kasuwa, ko yaron wani babba da aka ce lokacinsa ya yi. Takardar makaranta ba ta kai amincewar gwamna da jagororin jam'iyya tasiri a zaɓen fid da gwani ba. Wanda ubangida ya ɗauko ya ɗora, da wuya ya ɗaga murya a zauren majalisa ranar da ubangidan ya aiko da buƙata. Shi ya sa ake yi wa majalisun jihohi kirarin 'yan amshin shata, kuma a ganina ba kullum ne zargin ke zama zalunci ba.

To mene ne aikinsa?

Yin dokokin jiha, amincewa da kasafin kuɗi, tantance kwamishinoni, da bin diddigin yadda ma'aikatu ke kashe kuɗin jama'a. Majalisa na iya tsige gwamna: haka ta faru da Balarabe Musa a Kaduna a 1981, da Murtala Nyako a Adamawa a 2014. Gyaran kundin tsarin mulki ma ba ya tabbata sai majalisu 24 cikin 36 sun amince. Sai dai mutanen mazaɓa ba da wannan suke auna shi ba. Kuɗin asibiti, kuɗin makaranta, gudummawar biki da suna, rijiyar burtsatse, takardar neman aiki, su ne ke jiran sa a ƙofar gida tun da asuba.

Sau nawa zai iya komawa?

Wa'adi shekara 4 ne, kuma babu iyaka, saɓanin kujerar gwamna. Ana iya yi masa kiranye idan fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓarsa suka sa hannu, hukumar zaɓe ta INEC ta tantance, sannan a kaɗa ƙuri'ar raba-gardama.

Daga nan sai ina?

Wasu su haye Majalisar Wakilai a Abuja, da yawa kuma su koma gida bayan zango ɗaya. Kujerar kakaki ce tsani mafi tsawo. Simon Lalong ya riƙe ta a Filato kafin ya zama gwamna a 2015. Ahmadu Fintiri kuma yana kakaki lokacin da aka tsige Nyako, ya yi riƙon ƙwarya na 'yan watanni, sannan ya ci zaɓen gwamnan Adamawa a 2019.