Waiwaye: Daga Ely zuwa Whorlton Hall, yadda kulawa da masu raunin fahimta ke tuntuɓe a Birtaniya

Mai raunin fahimta ba mai taɓin hankali ba ne. Mutum ne da tun yarinta abubuwa ke yi masa wuyar koyo, kamar karatu, ƙirga kuɗi ko shiga mota shi kaɗai, kuma haka zai rayu har tsufa. Wani ɗan tallafi kaɗan ya ishe shi, wani kuwa sai an tsaya masa dare da rana. Idan ya girma, iyaye suka tsufa ko ƙarfinsu ya ƙare, a ina zai zauna, wa zai kula da shi? Fiye da shekara ɗari Birtaniya ke juya wannan tambaya.

Amsar farko ita ce killacewa. Dokar 1913 ta kasa irin waɗannan mutane aji-aji da sunaye na wulaƙanci, ta ba hukuma ikon tsare su a manyan gidaje can nesa da gari, maza daban mata daban, don kada su hayayyafa. Da aka kafa hukumar lafiya ta NHS a 1948 sai gidajen suka koma asibitoci, amma suna kawai aka sauya. A ƙarshen shekarun 1960 kusan mutum 60,000 ne ke cikinsu a Ingila da Wales. Gadaje jere a ɗaki ɗaya, tufafi na kowa da kowa, mutum ya shiga yana yaro ya fita a makara.

Asirin ya fara tonuwa a 1967, lokacin da wani ƙaramin ma'aikacin jinya a asibitin Ely da ke Cardiff ya kai labari ga jaridar News of the World. Kwamitin da Geoffrey Howe ya jagoranta ya fitar da rahoto a 1969, ya tabbatar da muzgunawa da satar abincin majinyata. Abin da ya fi tsaya mini a rai a rahoton shi ne, ma'aikacin da ya yi ƙorafi shi ake matsa wa lamba har ya bar aiki. A riƙe wannan, domin zai sake dawowa.

Daga nan aka juya akala. Tunanin da ya faro a Denmak da Suwidin, cewa mai raunin fahimta ya cancanci rayuwa irin ta kowa a cikin unguwa, ya samu karɓuwa. Gwamnati ta fitar da manufa a 1971, ta ƙara wata mai suna Valuing People a 2001, aka yi ta rufe tsofaffin asibitoci har aka kai ga na ƙarshensu a Ingila, Orchard Hill, a 2009. Gaskiya an ci gaba. Dubban mutane sun samu ɗakin kansu da mabuɗin ƙofarsu, sun zaɓi abin da za su ci da lokacin da za su kwanta.

Amma an bar ƙofa guda a buɗe: ƙananan asibitocin "gwaji da magani", da yawansu na 'yan kasuwa, inda ake kai mutum idan halinsa ya gagari masu kula da shi. Zaman ɗan lokaci aka ce. A watan Mayun 2011 shirin Panorama na BBC ya nuna abin da kyamarar ɓoye ta ɗauko a ɗaya daga cikinsu, Winterbourne View, kusa da Bristol. Ga ma'aikaci ya danne mace ƙarƙashin kujera ya zauna a kai, ga ta an sheƙa mata ruwan sanyi an bar ta a waje tana rawar ɗari. Kuma kusan fam 3,500 hukuma ke biya a kan kowane mutum duk mako, wato ba rashin kuɗi ba ne. Wani babban ma'aikacin jinya, Terry Bryan, ya riga ya kai ƙara ga CQC, hukumar da ke sa ido kan asibitoci da gidajen kulawa, aka yi kunnen uwar shegu da shi, sannan ya nufi 'yan jarida. Ma'aikata 11 suka amsa laifi, aka ɗaure 6.

Gwamnati ta yi alkawarin zuwa Yunin 2014 duk wanda bai dace da zaman asibiti ba zai koma kusa da danginsa. Wa'adin ya wuce ba a cika ba. Kafin ma ya cika, a Yulin 2013, Connor Sparrowhawk mai shekara 18 ya nutse a bahon wanka a wani sashen NHS a Oxford bayan farfaɗiya ta buge shi, alhali an san yana da ita. Sai 2019, Panorama ta sake shiga da kyamara, wannan karon asibitin Whorlton Hall a gundumar Durham, wurin da CQC ta taɓa ba shi shaidar "mai kyau".

Ni a ganina ba girman gini ne ke haifar da zalunci ba. Mutum ne da ba ya iya bayyana abin da aka yi masa, an kai shi wuri mai nisan sa'o'i daga mahaifiyarsa, a hannun ma'aikata masu ƙaramin albashi da ƙarancin horo da ke sauyawa kullum. Idan ya yi kururuwa sai a rubuta "halinsa ne", a ƙara masa maganin kwantar da jiki. Mai duba takardu zai zo ya ga komai daidai. Wanda zai lura da ramar jiki ko shatin hannu a wuya shi ne ɗan'uwan da ya san shi tun yana goye, shi kuma sau da yawa sai a ce masa ya cika mita.

An ɗan gyara. Dokar 2022 ta wajabta horar da ma'aikatan lafiya da na kulawa kan raunin fahimta da otizim, wato lalurar da ke shafar yadda mutum ke sadarwa da mu'amala da jama'a. Duk da haka, kimanin mutum 2,000 masu waɗannan lalurori ne ke kwance a irin waɗannan asibitoci a Ingila, matsakaicin zamansu kuma ya kusa shekara biyar. A 2021 aka fitar da rahoto kan mutuwar mutum uku a asibitin Cawston Park da ke Norfolk. Margaret Flynn ce ta rubuta shi, ita ce dai ta rubuta na Winterbourne View shekara tara kafin nan.