Rushewar wariyar launin fata a wasan besbol na Amurka

Rushewar wariyar launin fata a besbol tana nufin buɗe wa baƙaƙen fata ƙofar manyan kulob-kulob na wannan wasan ƙwallo da sanda a Amurka, abin da ya fara a 1947. Babu rubutacciyar dokar da ta hana su shiga manyan gasanni. Masu kulob ne suka haɗa baki a tsakaninsu. Moses Fleetwood Walker, wani baƙin fata, ya buga wa kulob ɗin Toledo a babbar gasa a 1884, daga nan ƙofa ta rufe sama da shekara 60.

Baƙaƙen fata ba su naɗe hannu ba. A 1920 Rube Foster ya kafa musu gasa tasu, kuma a irin waɗannan gasanni ne Josh Gibson da Satchel Paige suka yi tashe.

A 1945 Branch Rickey, shugaban Brooklyn Dodgers, ya ɗauko Jackie Robinson daga Kansas City Monarchs, wani kulob na gasar baƙaƙen fata, bisa sharaɗi guda: duk abin da aka yi masa, kada ya rama. Sharaɗin ya yi nauyi, domin Robinson ba mai ɗaukar raini ba ne. A 1944, yana soja, sai da ya gurfana gaban kotun soja bayan ya ƙi komawa kujerun baya a motar bas, aka wanke shi. Ya yi kakar 1946 a Montreal ta Kanada, sannan ranar 15 ga Afrilu 1947 ya fito wa Dodgers a filinsu na Ebbets sanye da riga mai lamba 42. Kocin Philadelphia, Ben Chapman, da yaransa sun yi ta surfa masa zagi daga benci. Wasu otal-otal suka hana shi masauki, wasiƙun barazanar kisa na zuwa. Ya danne zuciya, ya kuma ƙare shekarar a matsayin gwarzon sababbin 'yan wasa.

Wani baƙin fatar, Larry Doby, ya shiga kulob ɗin Cleveland ranar 5 ga Yuli na shekarar, ya sha irin wannan wuya, amma ba a cika tunawa da shi ba. Boston Red Sox ce ta zo ƙarshe wajen sa baƙin fata a wasa, sai a 1959.

Nasarar ta zo da asara mai ciwo. Rickey bai biya Monarchs ko kwabo ba, 'yan kallo suka bi taurarinsu, gasannin baƙaƙe suka durƙushe, kulob-kulob mallakar baƙaƙen fata suka rushe tare da su. Sai a 1975 Frank Robinson ya zama baƙin fata na farko da ya jagoranci babban kulob a matsayin koci. A 1997 aka jingine lamba 42 a dukkan kulob-kulob don girmama Jackie Robinson, kuma a 2024 aka haɗa alƙaluman gasannin baƙaƙe da na manyan gasanni.