Tantance Matashin Ɗan Wasan Besbol

Tantance matashin ɗan wasan besbol aiki ne da ƙungiyoyin ƙwararru ke yi domin gano ko yaron da suka gani yau zai iya taka leda a babbar gasa nan da shekara huɗu ko biyar. An fi sanin aikin a Amurka, inda ƙungiyoyi 30 na babbar gasar ƙwararru, wato MLB, ke tura masu tantancewa zuwa makarantun sakandare da jami'o'i, sai kuma Jamhuriyar Dominika, inda kowace ƙungiya ke da makarantar horar da yara. An fara zaɓen sababbin 'yan wasa na shekara-shekara a 1965, kuma tun 2021 zagaye 20 ake yi. Zaɓen ya shafi matasan Amurka da Kanada da Puwato Riko. Yaran ƙasashe irin su Dominika da Benezuwela kuwa, ana ƙulla yarjejeniya da su kai tsaye tun suna da shekara 16.

A wasan, mai jifa yana tsayawa kan ɗan tudu, nisan mita 18.44 daga farantin gida. Mai bugu na tsaye gefen farantin da gorarsa, mai cafkewa kuma na tsugune a bayansa. Tashoshi huɗu ne ake zagayawa, tsakanin kowace da mai bi mata mita 27.4.

Ma'aunin 20 zuwa 80

Ana ba kowace baiwa maki daga 20 zuwa 80, tsarin da aka saba jingina wa Branch Rickey, tsohon shugaban ƙungiyar Brooklyn Dodgers. Maki 50 shi ne matsakaicin ɗan wasan babbar gasa, ba matsakaicin yaran unguwa ba, saboda haka wanda ya samu 50 ya riga ya yi zarra. Maki 60 ya wuce tsara, 80 kuwa sai an tona. Ga wanda ba mai jifa ba, abu biyar ake aunawa: iya bugu, ƙarfin bugu, gudu, tsaron fili da ƙarfin hannu.

Maki biyu ake rubutawa a kowane gurbi, na yanzu da na nan gaba. Idan aka ga 30/55 a gurbin bugu, ana nufin yaron bai kai ba tukuna, amma ana sa ran zai ɗara matsakaici. A lamba ta biyun nan ne ake gane gwanin mai tantancewa, domin ta farko kowa ma zai iya gani.

Gudu shi ya fi sauƙin awo. Daga faranti zuwa tasha ta farko, mai bugu da dama yana ɗaukar kimanin sakan 4.3 idan matsakaici ne, bahago kuma 4.2 saboda ya fi kusa da tashar. Wanda ya yi 4.0 daga dama ya cancanci 80.

Bugu

Duk cikin baiwar nan biyar, iya bugu ya fi wahalar hasashe, kuma shi ya fi yanke makomar yaro. Ƙwallon da aka jefa da gudun kilomita 150 a awa tana isowa faranti cikin kusan sakan 0.4. A ɗan wannan lokaci mai bugu zai gane irin jifan, ya auna ko za ta ratsa tagar bugu, wato sararin da ke saman faranti daga gwiwa zuwa ƙirji, sannan ya kai mata gora ko ya ƙyale.

Mai tantancewa yakan fara zama a bayan faranti don ganin yadda yaron ke karanta ƙwallo, daga baya ya koma gefen da ƙirjinsa ke fuskanta don ganin jiki. Yana duba ko kansa na tsayawa cak lokacin da ya ɗaga ƙafar gaba. Yana duba ko ƙugu na fara juyawa kafin kafaɗa, domin daga nan ƙarfi ke fitowa, ba daga damtse ba. Yana kuma duba hanyar gora: mai kyau tana shiga layin ƙwallo da wuri ta daɗe a cikinsa, ta yadda ko yaron ya ɗan makara ko ya ɗan yi gaggawa zai same ta. Matsalar da aka fi gani ita ce doguwar gora, inda hannuwa ke yin nisa da jiki su yi zagaye kafin su iso. Irin wannan yaro yana ragargazar jifan 'yan makaranta, amma ranar da aka matsa masa ƙwallo mai gudu kusa da ƙirji sai asirinsa ya tonu. Ta biyu ita ce nauyin jiki ya zube kan ƙafar gaba da wuri, sai jifa mai lanƙwasa ta same shi ba sauran ƙarfi.

Ana raba ƙarfi gida biyu: wanda ake gani a atisaye, lokacin da koci ke jefo ƙwallo a sauƙaƙe, da wanda ke fitowa a ainihin wasa. Tazarar da ke tsakaninsu kan yi yawa. Tun 2015 da aka kafa na'urorin Statcast masu auna motsin ƙwallo a duk filayen MLB, ana kiran bugu mai ƙarfi idan ƙwallo ta bar gora da gudun kilomita 153 a awa ko fiye, kuma tashin da ya fi amfani yana tsakanin digiri 8 zuwa 32. Amma lambar yaro ɗaya mafi girma ba ta faɗin komai sosai. Abin dubawa shi ne sau nawa yake kaiwa kusa da ita.

Akwai kuma batun gorar kanta. A makarantu ana amfani da ta ƙarfe, wadda ke yafe kuskure ko da ƙwallo ba ta sami tsakiyarta ba. Ƙwararru da ta katako suke wasa, wadda ke karyewa ko ta ba da bugu mara ƙarfi idan an buga kusa da mariƙi. Shi ya sa masu tantancewa ke tururuwa zuwa gasar bazara ta Cape Cod a jihar Massachusetts, inda ɗaliban jami'a ke wasa da katako.

Cafkewa

Mai cafkewa shi ne ya fi kowa jinkirin nuna, domin aikinsa ya haɗa jiki da kai. Abin da agogo ke kamawa shi ne lokacin da ƙwallo ke ɗauka daga faɗawa safarsa zuwa isa hannun mai tsaron tasha ta biyu, nisan mita 38.8. Matsakaici a MLB kimanin sakan 2.0 ne, 1.9 kuma abin yabo ne. Kusan sakan 0.7 na wannan lokaci yana tafiya ne wajen fito da ƙwallo daga safa da gyara ƙafafu, don haka mai saurin ƙafa kan riga mai ƙarfin hannu. A wuraren baje koli yara kan yi wayo: su miƙe tun ƙwallo ba ta iso ba, su matsa gaba tunda babu mai bugu. Lambar da aka ɗauka a ainihin wasa kaɗai ake yarda da ita. Kuma ba laifinsa ba ne kullum idan an saci tasha, wato mai gudu ya tsere zuwa tasha ta gaba yayin jifa, domin mai jifan da ya wuce sakan 1.3 kafin ƙwallonsa ta iso faranti ya riga ya ba ɓarawo hanya.

Sai tarewa. Idan ƙwallo ta bugi ƙasa kafin ta iso, ana son ya faɗi kan gwiwoyi, ya toshe tsakanin ƙafafu da safa, ya sunkuyar da haɓa, ya ranƙwafo da ƙirji don ƙwallon ta mutu a gabansa. Wanda ke ƙoƙarin cafke irin wannan da hannu maimakon tarewa da jiki, ƙwallo za ta riƙa kuɓuce masa. Ana duba laushin hannu wajen karɓa, musamman ƙwallon ƙasa-ƙasa: safa ta taso daga ƙasa ta tsaya, kada nauyin ƙwallo ya ja ta waje, domin alƙalin wasa abin da ya gani yake hukunci a kai. Abin da babu ma'auninsa shi ne yadda yake tafiyar da masu jifa, wane jifa zai nema, da yaushe zai je ya kwantar wa abokinsa da hankali. Wannan sai an tambayi kociyoyi da waɗanda suka yi jifa gare shi.

Jifa

Na'urar rada ta hannu ce kowa ke fara ɗagawa. A 2023 matsakaicin miƙaƙƙen jifa mai gudu a MLB ya kai kimanin kilomita 151 a awa. Sai dai gudun da yaro ya taɓa sau ɗaya a farkon wasa daban, wanda yake riƙewa bayan jifa 70 daban, kuma na biyun ake saye. Ana ba kowane irin jifa makinsa: mai gudu, mai lanƙwasa ƙasa, mai zamewa gefe, da na yaudara wanda ke fitowa da saurin hannu iri ɗaya amma ya iso da ragin kusan kilomita 15. Idan hannu ya rage sauri wajen na yaudara, ko wurin sakin ƙwallo ya sauya daga wannan jifa zuwa wancan, ƙwararren mai bugu zai gane tun kafin ta taso. Wanda za a ba buɗe wasa yana bukatar iri uku masu aiki. Mai iri biyu yawanci kan koma cikin masu shigowa daga baya.

Ana bambanta iya jefawa cikin taga da iya jefawa daidai inda aka nufa. Na biyun shi ya ɗaukaka Greg Maddux, wanda bai shahara da gudu ba amma ya ci wasa 355. Tushen wannan shi ne maimaita motsi iri ɗaya: ƙafar gaba ta sauka wuri ɗaya tana fuskantar faranti, kuma hannun jifa ya riga ya ɗago lokacin da ta taɓa ƙasa. Hannun da ya makara yana ɗora nauyi kan gwiwar hannu da kafaɗa.

Rauni shi ne babban abin tsoro. Jijiyar cikin gwiwar hannu kan tsinke, kuma tiyatar da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974 kan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin a dawo fili. Don haka dole a binciki tarihin yaron: wata nawa yake jifa a shekara, ƙungiya nawa yake yi wa wasa lokaci guda. Ƙa'idojin Pitch Smart, shirin kare hannun matasa masu jifa da aka fara a 2014, sun iyakance ɗan shekara 17 zuwa 18 ga jifa 105 a rana, da hutun kwana huɗu idan ya wuce 80. Yaron da ke jifa kuma yana cafkewa a mako ɗaya yana gajiyar da hannu ɗaya ta hanya biyu, kuma bai kamata koci ya bar hakan ya ɗore ba.

Zaɓen gurbi da kuskuren awo

A makaranta, yaron da ya fi kowa kan yi duka ukun, wato bugu da cafkewa da jifa, sai ƙungiya ta zaɓa masa ɗaya. Buster Posey ya fara jami'ar Florida State yana tsaron wurin da ke tsakanin tasha ta biyu da ta uku kafin a mai da shi mai cafkewa. Kenley Jansen na tsibirin Kurasawo mai cafkewa ne da bugu ya ƙi masa, aka mai da shi mai jifa a 2009. Shohei Ohtani, wanda ya jefa kilomita 160 a awa yana ɗan sakandare a Japan a 2012, an bar shi ya riƙe jifa da bugu duka, abin da aka daɗe ba a gani ba tun zamanin tsohon gwarzon wasan Babe Ruth.

Shekaru na ruɗar da ido: ɗan 19 da ke cin 'yan 17 bai kai ɗan 17 da ke jurewa cikin 'yan 19 ba, kuma wannan ne ya sa ake binciken takardun haihuwa sosai a Dominika. Kallon wasa ɗaya ma ba ya isa, shi ya sa ƙungiyoyi ke tura mai duba na biyu ya kwatanta yaron da na wasu yankuna. Duk da haka ana kuskure. Sai a zagaye na 13 aka ɗauki Albert Pujols, wanda daga baya ya zama shahararren mai bugu, a 1999. Mike Piazza kuwa a zagaye na 62 Dodgers suka ɗauke shi a 1988, shi ne na 1,390, aka mai da shi mai cafkewa, ya gama wasa da bugu 427 na fitar da ƙwallo waje, aka shigar da shi zauren gwarzayen wasan a 2016.